Makin katin bashi da tikitin Sallah: abin da na koya a Manchester

A gidanmu a Zariya, idan ana so a yabi mutum sai a ce ba ya cin bashi. Da wannan tarbiyya na sauka a Manchester a farkon 2021, lokacin kullen korona, na kama aikin jinya a wani asibiti. Wata na biyu na nemi wayar da ake biya wata-wata, aka ce a'a. Na tambayi dalili, aka ce ba ni da tarihin bashi. Na ce ai abin alfahari ne, ko sisin wani ban taɓa riƙewa ba. Yarinyar shagon ta dube ni da tausayi. A ƙasar nan wanda bai taɓa ci ya biya ba, ba a san halinsa ba. Kamfanoni uku ne ke riƙe da littafin tarihin bashin kowa: Experian, Equifax da TransUnion. Shafina fari ne fat.

Wani dattijo ɗan Kano da na haɗu da shi a masallaci a Cheetham Hill, wanda ya fi shekara 20 a nan, shi ya zaunar da ni. Ya ce: "Ƙanena, fara da rajistar zaɓe. Ɗan Najeriya ɗan ƙungiyar Commonwealth ne, kana da damar yin zaɓe a nan, kuma da wannan rajistar suke tabbatar da adireshinka." Na yi. Sannan na karɓi wani ƙaramin katin bashi daga wani banki, na kuma yi wautar farko: a takardar wata akwai jimillar bashi, akwai kuma mafi ƙarancin abin da za ka iya biya. Na ɗauka sauƙi aka yi mini, na biya ƙaramin. Wata na zagayowa sai ga kuɗin ruwa. Kuɗin ba su da yawa, amma na kwana ina istigfari. Washegari na sa umarni banki ya riƙa cire jimillar daga albashina kowane wata, ban sake taɓa wannan saitin ba.

Maganar riba ba ƙarama ba ce a wurinmu. Akwai malaman da suka ce sa hannu a yarjejeniyar da ke da sharaɗin ruwa ma bai halatta ba, ko da ba za ka taɓa biya ba. Akwai waɗanda suka sassauta ga mai biyan komai kafin wa'adi. Wani abokin aikina ya tsaya a kan na farko, ban kuma taɓa ja da shi ba. Shi da katin Nectar, wanda na tara maki ne kawai, yake tara nasa makin idan ya yi cefane a kantin Sainsbury's, ya juya maki 400 su zama Avios 250, babu bashi a ciki. A hankali yake tafiya, amma yana tafiya.

Avios ɗin nan shi ne makin kamfanin jiragen sama na British Airways, wanda ake karɓar tikiti da shi, kuma ya shafe mu ne saboda jirginsu na tashi daga filin jirgin Heathrow na Landan kai tsaye zuwa Abuja da Legas. A 2022, da littafina ya ɗan yi kyau, na samu katin American Express na haɗin gwiwa da su. Iri biyu ne. Na kyauta yana ba da maki 1 a kan kowane fam, mai kuɗin shekara, wanda yanzu fam 300 ne, yana ba da 1.5. Ainihin romon yana cikin takardar abokin tafiya: idan ka kashe wani adadi a shekara (fam 15,000 ne tun ƙarshen 2024, a lokacina bai kai haka ba), sai ka ɗauki kujera biyu da makin kujera ɗaya. Ta katin kyauta shekara 1 take yi, a ɓangaren kujerun gama-gari na jirgi kawai. Ɗayar shekara 2. Wannan bambancin ne ya sa na rufe ido na biya kuɗin shekarar, za ku ga dalili.

Ban ƙara ko kwabo a kan abin da muka saba kashewa ba. Mai, cefane, takalman yara, inshorar mota, duk ta katin. Uwargida ta karɓi nata a ƙarƙashin asusuna. Kuɗin haya ba ya shiga, kuma mahaucinmu na halal a Longsight da shagon da muke sayen garin tuwo da daddawa ba sa karɓar irin katin, don haka naman miya bai taɓa kawo mini maki ko ɗaya ba.

Tara maki ba shi ne wahala ba, kashe shi ne. Sau da yawa za a yi maka tayin rage kuɗin otal ko hayar mota da makinka, mutum ya ga kamar banza ta faɗi. Ni lissafina ɗaya ne: in duba kuɗin tikitin a kasuwa, in cire abin da dole zan biya da tsabar kuɗi ko da na yi amfani da maki, in raba ragowar da yawan makin. In kowane maki bai kai peni ɗaya ba, sai in bar abina. Kada wani ya ce maka tikitin maki kyauta ne. Akwai harajin da gwamnatin Birtaniya ke ɗora wa masu tashi daga ƙasar, akwai na filin jirgi, akwai ƙarin kamfani. A watan da tikiti ke da araha, kamar Fabrairu, gara ka biya da aljihu. Maki yana da daraja ne a lokacin da kowa ke son tafiya gida, Disamba da hutun makaranta, lokacin da farashi ke tashin gwauron zabi.

To a nan ne dattijon nan ya ba ni sirrin da har yau nake yi masa addu'a. British Airways na buɗe kujerun maki kwana 355 kafin tashi, kuma kaɗan ne a kowane jirgi. Ya ce: "Ƙirga mini kwanakin shekarar Musulunci." Na ce 354. Ya yi murmushi. Wato kujerar da za ta kai ka Sallar baɗi, a ƙarshen azumin bana ake buɗe ta. Takardar shekara 1 kuwa da kyar za ta kai ka can.

Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo 10 ga Afrilu, cikin hutun Ista na makarantun yara, abin da ba kullum ake samu ba. A Ingila tara ake cin iyaye idan suka cire yaro daga makaranta don tafiya. Saboda haka a goman ƙarshe na azumin 2023, da ƙarfe 1 na dare, ina zaune a kicin da kwamfuta, shayi na hucewa, uwargida na ɗumama miyar sahur tana cewa, "Baban yara, wai tahajjud kake ko kasuwanci?" Ranar da nake so ta buɗe, na kama kujeru zuwa Abuja hannuna na rawa. Na dawowa ba su buɗe ba tukuna, sai bayan mako biyu na bi su. Makin bai ishe mu duka ba, na ƙaramin yaron da kuɗi na saya.

Daga baya na gano Qatar Airways ma Avios take amfani da shi tun 2022, ana kuma tura maki tsakanin asusun biyu ɗaya bisa ɗaya. A shekarar ce ta fara zuwa Kano, tana kuma tashi daga Manchester. Zagaye ne ta Doha, amma babu jan akwatuna zuwa Landan, babu hanyar Abuja zuwa Kaduna da yara a gajiye. Ita nake hari a tafiya ta gaba.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi muna jiran hawa, Hajiya ta ja ni gefe ta tambayi nawa na kashe a jirgi. Na fara yi mata bayanin kati da maki. Ta katse ni: "Kai dai faɗa mini, akwai wanda ke bin ka bashi a can?" Na ce babu, Hajiya, kowane wata ana sharewa. Ta ce to, ta miƙa wa jikanta dambun nama.