Ruwan sha da fasa dutsen ƙasa

A nan Tahoua, wanda ya ga ƴan garuwa sun jera bidoji a bakin fanfo tun asuba ya san darajar ruwan ƙasa. Shi ya sa yadda ake haƙo gas a Amurka ya tsaya mini a rai. Ruwa ake haɗawa da yashi da sinadarai, a tura cikin rijiya da ƙarfin gaske har dutse ya tsage, gas ya fito. Rijiya guda kan sha miliyoyin litoci!

A 2005 majalisar Amurka ta cire wannan aiki daga dokar tarayya ta kare ruwan sha, sai in an sa gazuwal a cikin ruwan da ake turawa. Ragowar aka bar wa jihohi, kowace ta kama gabanta. Niyok ta hana a 2015, Teksas kuwa ta ci gaba. Faransa tun 2011 ta rufe ƙofar.

A 2016 hukumar muhallin Amurka ta ce ruwan sha kan iya gurɓacewa idan simintin rijiya ya yi rauni, ko aka zubar da dattin ruwan barkatai. Ni simintin nan ya fi damuna. In jiha ba ta da isassun masu dubawa, wa zai gane ya tsage kafin gas ya shiga rijiyar maƙwabci?