Abin da na gani a shirin Meyerhoff

A makon jiya na raka 'yar maƙwabciyarmu zuwa Jami'ar Maryland da ke gundumar Baltimore a Amurka, inda ɗaliban shirin Meyerhoff, wanda ke ba ɗaliban kimiyya tallafin karatu, suka baje sakamakon bincikensu. Wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin ba ta tsaya gaban allonta, biro a hannu, tana nuna mini yadda ƙwayar cuta ke kutsawa cikin jikin mutum, kuma duk tambayar da na jefa mata sai ta amsa ba tare da inda-inda ba.

An kafa shirin a 1988 da tallafin Robert da Jane Meyerhoff, ƙarƙashin jagorancin Freeman Hrabowski, wanda daga baya ya zama shugaban jami'ar, domin a wancan lokaci baƙaƙen fata 'yan ƙalilan ne ke kaiwa ga digirin digirgir a fannin kimiyya a Amurka. Ɗalibai 19 ne suka fara a 1989, dukkansu maza, sannan mata suka shigo a shekarar da ta biyo baya. Tun kafin a buɗe zangon farko ake tara sababbin ɗalibai na tsawon makonni shida, a ɗora su kan lissafi, a saba musu da karatu rukuni-rukuni, daga bisani a haɗa kowanne da malamin da zai shigar da shi ɗakin gwaje-gwaje. A ganina, wannan riƙon ya fi kuɗin tallafin muhimmanci nesa ba kusa ba.

Daga wannan shiri Kizzmekia Corbett ta fito, wadda ta yi aiki kan allurar rigakafin korona ta Moderna a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka.