Yawon neman inda Hajiya Ƙarama za ta sa hannu a kwano

Laraba da dare, Nima.

Ƙafafuna na cikin bahon ruwan ɗumi da gishiri nake wannan rubutu. Tun da gari ya waye nake zaga Ankara, tamu ta Gana ba ta Turkiyya ba, ina leƙa tukwanen mutane kamar ma'aikaciyar duba-gari.

Jibi Juma'a Yaya zai sauka daga Hambog ta Jamus da Anti da 'yarsu, takwarar Mma, wadda muke kira Hajiya Ƙarama. Shekararta 9, rabonta da gida tun tana goye. Bara likitocin can suka gano tana da cutar da ake kira siliyak, bayan an daɗe ana fama da kumburin ciki da gudawa da ƙarancin jini, ga ta ba ta girma kamar sa'o'inta. An ɗebi jininta, aka kuma zura 'yar kyamara ta baki aka ɗan gutsuro hanji aka duba. Shekaranjiya Anti ta turo min saƙon murya na minti 11 a WhatsApp, na saurare shi sau uku har na kusa haddacewa.

Ga yadda na fahimta. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rai akwai wani sinadari, gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya miƙe. Mai siliyak in ya ci shi, garkuwar jikinsa sai ta juyo ta far wa ƙaramin hanjinsa. Cikin hanjin nan akwai 'yan tsiro-tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Cutar sai ta sharɓe su, mutum ya yi ta ci jikinsa bai sani ba. Ba allura, ba ƙwaya, magani ɗaya ne: a rabu da gulutin har ƙarshen rayuwa. Inda gizo ke saƙar kuma shi ne ƙanƙantar abin da ke tayar da ita. Ma'aunin da duniya ta yarda da shi kafin a rubuta wa abinci "babu gulutin" shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda. Wato ɓurɓushin da ya maƙale a wuƙar yanka burodi ma ba abin rainawa ba ne.

Da na yi wa Mma bayani da safe, taɓe baki ta yi. "Kishiyar tawa ce ba ta cin burodi? Iyayin 'yan boga ne kawai, mazauna Turai. Mu da muka tashi da tuwo da ƙanzo ba mu san wannan ba." Na ce, "Mma, ai kin faɗa da bakinki, da tuwo kuka tashi." Ƙasar nan ba a noman alkama, ta jirgin ruwa take shigowa a niƙa ta a Tema da Takoradi, amma yau wane gida ne a Zango ake karya kumallo ba burodin suga ko na bota? Na ba ta labarin da Anti ta ba ni na wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, wanda ya lura cewa a yunwar da aka yi can a 1944 zuwa 1945, lokacin da burodi ya yanke, yaran da ke da wannan ciwo sun samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwo ya dawo. Mma ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta ci gaba da jan carbinta. Na san wannan "Allah ya kyauta" ɗin, ba yarda ba ce.

Na ɗauka abin zai zo da sauƙi, don in aka bi abincinmu ɗaya bayan ɗaya kusan duk halal ne gare ta. Koko gero ne, ƙosai wake, tuwon zafi masara da rogo, waina shinkafa, fura gero, tubani wake, banku da dokunu masara, sakwara doya ko rogo da agada. Sai na fara daga bakin layinmu, wajen mai kokon da nake saye a gunta tun ina makarantar allo.

Na tsaya ina kallon kaskonta da sabon ido. Ta kwashe ƙosai, ta ɗaga matsami man na tsiyaya, ba ta ko juya ba ta ɗebo kwaɓin pinkaso da yatsu ta jefa cikin man nan dai. Pinkaso kuwa fulawa ce zalla da albasa da barkono. 'Yan gutsattsarin da suka ɓalle suka yi ta yawo a saman mai suna yin baƙi, ƙosai na gaba ya zo ya kwashe su a jikinsa. Shekara nawa ina tsayawa a nan ban taɓa ganin wannan ba. Na ce, "Inna, in na zo da sassafe kafin ki fara pinkaso fa?" Ta ce, "'Yata, man jiya nake ɗorawa a kai." Ta gama min magana. Koko ya tsira, ƙosai sai a gida.

Wajen mai wake da shinkafa ma haka. Ita kanta shinkafar ba laifi, jan da take yi na karan dafi ne da kanwa, dawa kuwa ba ta da gulutin. Amma hannun da ke damƙo taliya shi ke yayyafa garin rogo, cokalin da ya taɓa taliyar wani shi ke komawa cikin shito, baƙar miyar barkono. Ga layi har bakin kwata, wa zai ce mata ta tsaya ta wanke hannu saboda yarinya ɗaya?

Daga nan na hau turotoro, motar haya, zuwa shataletalen Dankwa, na gangara Osu. Yaya ne ya nace, wai yana son ranar Lahadi ya fita da mu duka wani wuri mai kyau mu ci abinci, har da surukansa. A intanet na ga wani gidan abinci da ke sa hoton zangarniyar alkama da aka soke da layi a gefen wasu abincinsu. Wurin ya haɗu, ba ƙarya: sanyin na'ura, fitilu na lilo, ma'aikata sun sha farar riga. Na nuna wa yaron da ya kawo min takardar abinci alamar, na tambaye shi me take nufi. Ya yi murmushi ya ce, "Madam, ba matsala, ba ma sa suga da yawa a waɗannan." Gabana ya faɗi. Na nemi manaja. Shi ya san kalmar, har yana gyara min yadda ake furta ta. Ya ce suna da burodi na musamman da ake kawo musu daga waje, ya nuna min farashin, yanka biyu sun fi kuɗin tuwon gidanmu na yini.

Na roƙe shi ya bar ni in leƙa ta tagar da ake miƙo abinci. Minti biyar na yi a tsaye. Kwandon suya ɗaya ne, an tsamo kaza da aka birkiɗa a fulawa, aka zuba dankali a gurbinta. Burodin nan na musamman, mai tsadar, a na'urar da ake gasa sauran burodi aka cusa shi, aka fito da shi aka yanka a katako ɗaya. A gefen murhu ga baƙar kwalbar ruwan soya da ake zubawa a soyayyiyar shinkafa, wanda Anti ta ja min kunne a kansa har sau biyu, don yawancinsa da alkama ake haɗa shi. Na yi wa manaja bayani cikin ladabi. Ya ce, "Ai ɗan kaɗan ne, zafin wuta zai kashe shi." Gulutin ba ƙwayar cuta ba ce balle wuta ta kashe ta. Na biya kuɗin ruwan da na sha na fito.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da yaron ba, shi abin da aka koya masa ya faɗa. Alamar ce ta ba ni haushi. Mai ƙosai ba ta yi min alkawarin komai ba, kaskonta a fili yake, ido na gani. Nan kuwa an buga hoto a takarda don masu gudun fulawa saboda rage ƙiba, wanda in ɓurɓushi ya shiga cikinsu ba abin da zai same su. Uwar da ta yarda da hoton nan ita za ta kwana a zaune.

Wasu wurare biyu na leƙa a hanya, ba abin faɗa. Ɗaya ya ce in turo saƙo, ɗayan ya ce mai girkin bai zo ba.

Azahar ta same ni a Labone, na yi salla a shagon wata ƙawata mai ɗinki, ita ce ma ta nuna min wani ƙaramin wuri a bayan layinsu, tebur bai fi takwas ba. Mai wurin ita ce mai girkin, mace ce mai jiki, ta fito tana goge hannu a zanin gabanta. Ban gama bayani ba ta katse ni: "Siliyak ce, ko dai ra'ayi ne?" Wallahi sai da na ji kamar in rungume ta. Duk yinin nan ba wanda ya yi min wannan tambaya.

Ta ja kujera ta zauna. Ta ce da safe suna gasa burodi da kek, garin fulawa na tashi a iska ya sauka kan komai, saboda haka kada mu zo kafin la'asar, sai an share an goge. In kira ta ranar Asabar. Za ta gasa karfasa a kan takardar azurfa don kada ta taɓa wayar da aka gasa wani abu, gishiri da citta da tafarnuwa da barkono kawai, ba dunƙulen ɗanɗano, ba gari. Banku za ta tuƙa da kanta, ɗanyen barkono da tumatir a niƙa a sabuwar asanka, kwanon ƙasa na niƙa. Kelewele, soyayyiyar agada da yaji, ta ce a'a, sai dai in za mu jira ta ɗora sabon mai a kasko dabam. Sannan ta ce, "Ba zan yi miki rantsuwa ba, 'yar'uwa, kicin ne, mutum biyar ke aiki a ciki. Amma farantinta ni zan ɗauko da hannuna." Na rubuta lambarta. Wadda ta ƙi rantsuwar ita na yarda da ita.

Da na dawo Nima kasuwa ta cika ta batse, na manta yau Laraba ce. Na kutsa na sayi gero da acca, wadda ake kawowa daga Arewa, wajen su Yendi. Anti ta ce yarinyar na son ta, can suna sayen 'yar leda da tsadar gaske. Sai na biya ta wajen Hajiya mai tuwon zafi a Mamobi, don na san Yaya, ko jakarsa bai kwance ba zai ce a kai shi can.

Hajiya ba ta taɓa jin kalmar gulutin ba, ban ma wahalar da kaina ba. Cewa na yi, "Hajiya, jikar Mma ce ba ta cin duk abin da alkama ta taɓa." Ta ajiye mara ta shiga lissafa min da yatsu: garin masara, garin rogo, ayoyo, kanwa, daddawa, kifi busasshe, nama, tumatir, manja ko man gyaɗa. "Alkama ta ina, 'yata? Ni ko taliya ba na sayarwa." Na ce dunƙule fa? Ta miƙo min kwalin. Rubutun bayansa kamar ƙafar tururuwa, wasu ana sa musu fulawa wasu ba a sawa, sai an karanta. Na ɗauki hoto na tura wa Anti. Sai na tuna da niƙa. "Hajiya, injin da kike kai masara, ana niƙa alkama a ciki?" Ta ƙwalla wa yarinyarta kira. Yarinyar ta ce wasu ranaku mata na kawo alkama ta kunu. Hajiya ta yi shiru, ta riƙe haɓa. Can ta ce, "To miya tawa, ba dunƙule, zan raba mata tata a 'yar tukunya. Tuwo kuwa ku tuƙa a gida ku zo da shi. Kuma kada ki kawo min maganar kuɗi."

Magariba na shigo gida, a gajiye liƙis, ina tunanin yadda zan sake tayar wa Mma da maganar. Na tarar da ita a tsakar gida kan tabarma. Gabanta sabuwar rariya, sabuwar muciya, ludayi biyu da 'yar tukunya ko takardar kanti ba a ɓare ba, tana ɗaura wa kowanne jan zare a mariƙi. Turmin kakarmu da ya shekara a bayan ɗaki an fito da shi an wanke an kife. Gwangwanin Milo da kwalaben malta, da na ce mata akwai sha'ir a ciki, an kwashe su daga kan tebur an kai saman kabad.

Na ce, "Mma, ba ke kika ce iyayi ba ne?"

Ba ta ɗago ba. "Iyayi ne mana. Amma kishiya ce. Ta yi ciwo a gidana a ce ni na zuba mata wani abu?"

Ta tambaye ni dabino fa, na ce ba komai. Alkaki fa, na ce a'a. Ɗanwake fa, na ce sai wanda muka kwaɓa da kanmu, don masu sayarwa da yawa na ƙara fulawa. Ta ce a kira mata yaran makwabta gobe da hantsi su zo daka.

Saura mai tsire. Yajinsa ƙuliƙuli ne da citta da barkono, amma wasu na ƙara gari don ya yi auki, shi kuma mutumin nan ko matarsa ban jin ta san abin da ke cikin gwangwaninsa. Gobe bayan isha'i zan je in gwada sa'ata. Anti har yanzu ba ta buɗe hoton kwalin ba, ruwan bahon nan kuma ya huce.