Tuƙin Ikko a Idon Ɗan Maraɗi

A babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso da Birnin Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, direban babbar mota shi ne idon wanda ke bayansa. Kwalta ce guda, hannu ɗaya na masu zuwa, ɗaya na masu dawowa, kuma kai da ke ƙaramar mota ba ka ganin abin da ke gaban tirela. In ya kunna siginar hagu, dakata, akwai mota tafe. In ya mayar da ita dama ya ɗan raɓe, to bismilla. Kana shan gabansa ka taɓa oda sau biyu a hankali, shi ma ya amsa. Da wannan tarbiyyar na koyi tuƙi, da ita kuma na sauka unguwar Agege a Ikko, wato Legas, wurin ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12.

Kawu ya sama mini lasin na nan, ya damƙa mini ƙaramar motar kaya. Da asuba nake ɗaukar buhunan albasa da kwandunan tumatir da attarugu in kai wa masu saye a Yaba da Obalande, wani lokaci har Lekki. A takarda babu abin da ya bambanta da gida. Nijar dama ake bi, Najeriya ma ta bar hannun Ingila ta koma dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, don haka mai tafiya a hankali ya riƙe dama, mai sauri ya wuce ta hagu. Amma ka hau titin Ikorodu ka gani. Motar da injinta ke tari tana can layin hagu, jikin siminti, ta yi kane-kane. Ba wauta ba ce tsantsa: layin dama na danfo ne, wato ƙananan bas-bas na haya, kowane taku sai sun tsaya ɗauka ko saukewa, shi ya sa mai tsoron taka burki yake gudu hagu ya zauna. Masu sauri kuma sai su bi ta duk inda suka ga kafa, dama ko tsakiya.

A makon farko Kawu na gefena, muna son fita daga kasuwa mu hau babban titi a Ketu, na kunna sigina ina jira.

“Kai ɗan nan, in jira kake a ba ka hanya, tumatirin nan a mota zai ruɓe.”

“Kawu, ai ban ga wanda ya sassauta ba.”

“Nan ba a ba ka, kai ke roƙa. Sauke gilas.”

Ga yadda ake roƙon. Ka fitar da hannu, tafin yana kallon ƙasa, ka ɗan kaɗa shi. Ba motar za ka kalla ba, fuskar direban za ka nema, ku haɗa ido. In ya yi kamar bai gan ka ba, ya kafe idonsa a gaba yana matsowa jikin motar da ke gabansa, rabu da shi, nemi na bayansa. In kuwa ya ɗaga ƙafa daga totur, ko ya ɗan gyaɗa kai, to ka shiga nan take, ka ɗaga masa hannu ta taga. Da wuya a jera motoci da yawa ba a samu mai ba ka ba, har cikin waɗanda ka ji suna zage-zage ɗazu. Abin da mutumin Ikko ba ya yafewa shi ne ɗari-ɗari. Ya buɗe maka kafa, ka tsaya kana shawara da zuciyarka, ka ɓata masa lokaci, ka ɓata wa mutum hamsin da ke bayansa. Ni dai a ganina ladabin hanyar garin nan ke nan: ka nuna abin da za ka yi ƙarara, ka yi shi da wuri. Sai dai baƙo ya kiyaye abu guda. In aka haska maka fitila, ba “shigo” ake nufi ba, “ga ni nan tafe, kada ka soma” ake nufi.

Direban danfo kuwa sai a hankali. Zai sha gabanka da gudu, kwandasta na lilo a bakin ƙofa yana dukan jikin mota, taku kaɗan fasinja ya ce “owa”, wato zai sauka, direban ya taka burki a hancinka. Na san dalili. Akwai kuɗin da zai kai wa mai mota kullum, ga ’yan tasha na karɓa a kowace tsayawa, kuma fasinjan da ke tsaye bakin titi na wanda ya riga isa ne. Na fahimta, amma uzurin bai kai a jefa ran mutum goma sha huɗu a gaban tirela ba.

Hukuma ba ta wasa da wasu laifukan. Tun 2008 da aka fara BRT, babban bas ɗin jigilar jama’a, aka ware masa layinsa a titin Ikorodu, kuma ranar cunkoso layin nan yana fayau yana kiran mutum. Wanda ya amsa kiran zai haɗu da jami’an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci da jihar ta kafa a 2000. Aron hannu ya fi muni, don ana iya ƙwace motar ɗungurum. A 2022 gwamnatin jihar ta yi gwanjon motoci fiye da ɗari da aka kama da laifukan hanya. Abin da ke ci mini rai shi ne masu jiniya, waɗanda ke buɗe wa kansu hanya da tsawa, da kuma ’yan wayon da ke manne wa bayan motar asibiti don su ci arzikin marar lafiya.

A gadar Third Mainland na gane cewa yanzu ni ne tirelar wasu. Tsawonta ya kusa kilomita 12, an buɗe ta a 1990, kuma da sassafe kafin ta cika, gudu ake kamar an koro mutane. Motata da lodin albasa ba ta da wannan ƙarfin. A kan gadar babu tashar danfo, don haka babu hujjar zama a hagu. Nakan riƙe dama, in miƙe sitiyari, kuma in wani ya zo wuce ni ba na ƙara wuta. Wannan na ƙarshen ciwo ne da ke damun direbobi da yawa a nan: yana tafiyar hawainiya, amma da ya ga hancin motarka a madubi sai zuciya ta ɗebe shi, kamar ka zagi iyayensa.

Siginar gida ba ta da mai karanta ta a cikin gari. Sai ka wuce Berger ka kama hanyar Ibadan, a nan direbobin tirela da tanka, da yawansu ’yan Kano da Sakkwato da Katsina da namu na Nijar, suke yin ta har yanzu. Da dare mukan haɗu da wasunsu wurin mai shayi, kuma kukansu ɗaya ne. Wani dattijo da ke ɗauko kwantena daga Apapa ya ce mini: “Malam, mota da lodi ba ta tsayawa don ka taka burki, sai ta ga dama. Yaro zai yanko gabanka ya rage gudu, in ta faru a ce aboki ya kashe mutane.” Yana da gaskiya, amma tsoron da mutanen gari ke yi musu ma ba a banza ba ne. Tankar mai ta kama da wuta a gadar Otedola a Yunin 2018, ta ƙone motoci da dama da mutane, sannan a Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan bas a gadar Ojuelegba, mutum tara suka rasu. Shi ya sa ba na jerawa da kwantena, musamman a kwana ko hawan gada. Ko in wuce ta gaba ɗaya, ko in bar ta ta yi nisa.

’Yan uwanmu da suka zo yin kabu-kabu sun ragu a manyan tituna tun da aka haramta acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi a Yunin 2022. A lungunan Agege suna nan, su da Keke Marwa mai ƙafa uku, kuma ta dama suke ɓullowa, ta inda ba ka zata ba.

Kwanan nan ɗan yayana ya iso daga Tasawa, yana ta zumuɗin a ba shi mota don ya iya tuƙi a gida. Na ce ya zauna a kujerar gefe tukuna. Aikinsa ya riƙa duba madubin dama, ya faɗa mini in babur ya shigo, ya kuma fitar da hannu in za mu sauya layi. Jiya a Ojota ya roƙo mana hanya wurin direban danfo, aka kuma ba shi. Maganar sitiyari na ce masa sai bayan babbar salla.