Lopburi: Garin birai da sojan laimar da ya ɗauki sandar gora

Kaya ne suka zaunar da ni a Bankok, babban birnin ƙasar Tailan. Na gama sayayya a kasuwar Pratunam, masu ɗaurin kaya suka ce sai bayan mako za a yi awo, ni kuwa zaman otal ba ya karɓa ta. Abokin tafiyata, wani Alhaji da ya girme ni, ya ga ina tambayar jirgin ƙasa mai zuwa Lopburi, ya ce, "Kai kuma ƙanena, me ka ajiye a can?" Na ce garin su Thongchai Jaidee, ɗan wasan ƙwallon lambu, zan gani. Ya ce bai san shi ba, kuma ba laifinsa ba ne, don ƙwallon lambu, wato golf, ba wasan da ake kallo a majalisarmu ba ne. Ni ma albarkacin yarinta ce, lokacin da nake ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin wasa ina samun na kashewa.

Lopburi na arewa da Bankok da kimanin kilomita 150. Na shiga jirgin talakawa mai tsayawa a kowace tasha, tagogi a buɗe, fanka na juyawa a sama. Gonakin shinkafa ne hagu da dama, mata masu talla suna ratsa taragai da abinci da kankara. Muka wuce Ayutthaya, tsohuwar hedikwatar masarautar ƙasar, kafin azahar muka isa.

Daga tasha ba nisa sai ga Phra Prang Sam Yot, tsohon wurin bauta mai hasumiya uku irin ginin mutanen Khmer na Kambodiya, layin dogo ya bi ta gefensa. Birai ne masu gari a nan. Wata mai sayar da ruwa ta nuna mini da hannu in cire hula da tabarau in sa a jaka, ban yi gardama ba. Kowace shekara a ƙarshen Nuwamba har walima ake shirya musu. Na leƙa fadar Sarki Narai, wanda ya karɓi jakadun Faransa a 1685, amma ban daɗe ba, hankalina yana gabashin gari.

Can ne sabon Lopburi, mai manyan shataletale da faffaɗan titi, kuma da ka shiga za ka gane garin soja ne. Barikoki a jere, ƙofofi da masu gadi, motoci masu launin kore. Nan ne mazaunin rundunar sojoji ta musamman ta ƙasar Tailan. Direban da ya ɗauke ni ba ya jin wani yare sai nasu, da waya muke fassara, amma ina ambaton sunan Thongchai ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya kwaikwayi bugun ƙwallo yana dariya.

A wannan gari aka haife shi ranar 8 ga Nuwamba 1969, a gidan marasa hali, kusa da filin wasan sojoji. Ƙwallon ƙafa ya fara so, har sai da tsinke ya soke shi a ƙafa ya hana shi buga ta na wani lokaci. A zaman jinyar ne ya fara satar jiki yana shiga filin sojojin. Kuɗin sayen sanda babu, sai ya tsinci kan wata sandar ƙarfe mai lamba biyar da aka yar, ya ɗaura shi a jikin gora. Da ita ya koyi bugu. Wanda ya taɓa riƙe sandar gaskiya ya san abin da wannan ke nufi: gora tana lanƙwasa yadda ta ga dama, idan hannunka bai daidaita ba ƙwallon ba za ta tashi ba sam. Sai yana ɗan shekara 16 ya fara zagaya ramuka kamar kowa.

Daga nan ya shiga soja, ya zama sojan laima mai dirowa daga jirgin sama. Bai zama ƙwararren ɗan wasa mai cin abinci da sanda ba sai a 1999, yana dab da shekara 30, shekarun da wasu ke tunanin sun makara. A ganina aikin sojan nan ba ɓata lokaci ba ne gare shi, shi ne ya ba shi jiki da sanyin zuciya. Mutumin da ya saba faɗowa daga sama, rami na ƙarshe a gasa ba zai sa hannunsa rawa ba.

Sau uku yana zama na ɗaya a jerin 'yan wasan gasar Asiya, a 2001 da 2004 da 2009. A 2004 ya lashe gasar Malesiya, inda a ranar ƙarshe ya jefa ƙwallo rami da bugu ɗaya tak, ya zama ɗan Tailan na farko da ya ci kofi a jadawalin gasar Turai. Shekara na zagayowa ya sake ɗauke shi. Masu ƙorafi suka ce ai a zafin Asiya kawai yake iyawa, sai ya je Wales mai iska da sanyi ya ci a 2012, ya ƙara a Suwidin a 2014, da Jamus a 2015. Wanda ya fi burge ni shi ne na Faransa a 2016, karo na 100 na gasar, yana da shekara 46, ya bar Francesco Molinari a baya da bugu huɗu, Rory McIlroy na biye. Gaba ɗaya kofuna takwas ya ci a jadawalin Turai. A shekarar ya wakilci ƙasarsa a Olamfik na Rio, a 2022 kuma ya ci kofi a gasar dattawa ta Amurka.

Bai ƙaura da alherinsa ba, ya kafa gidauniya da makarantar koyon wasan a nan Lopburi domin yaran da ba su da hali. Bayansa kuma 'yan mata ne suka karɓi tutar: Ariya Jutanugarn ta zama ta ɗaya a duniya a 2017, Atthaya Thitikul ta ci gasar ƙwararru tana da shekara 14 kacal.

La'asar ta yi ina neman abincin da zan ci da natsuwa. Direban ya kai ni rumfar wata baiwar Allah mai lulluɓi, ta zuba mini shinkafa mai kurkur da kaza, ta kuma nuna mini inda zan yi alwala. Jirgin komawa ya yi jinkiri, ban shiga Bankok ba sai bayan isha'i, na tarar da Alhaji yana ta kiran wayata, wai an matso da awon kaya zuwa washegari da safe.