Rabin shekara a kan keke: na farke lissafin Janairu

'Yan uwana masu koyon ɗinki, barkanku da ƙoƙari. Daren 2 ga Yuli ban taɓa keke ba. Na lulluɓe shi, na share guntayen zaren da ke kan tebur, na ɗauko littafin da nake rubuta aikin kowace rana. A shekarar da Fabrairu ke tsayawa a 28, wannan rana ce cibiyar shekara: kwana 182 sun wuce, 182 suna gaba. Na ce bari in zauna in yi wa kaina hisabi tun da sauran lokacin gyara.

A shafin farko, da rubutun hannuna na Janairu, buri uku ne. In ɗinka kaya 24 kafin shekara ta ƙare, wato biyu a wata. In fara karɓar ɗinkin mutane a Afrilu. In ajiye aikin ofis a Disamba, in rungumi ɗinki gaba ɗaya. Ina tune da daren da na rubuta su, zuciyata fal da ɗoki, kuma har yau ban ga laifin wannan ɗokin ba, domin shi ya zaunar da ni a kan keke a ranakun da gajiya ta so kwantar da ni.

Na ƙirga abin da na gama a mako 26, na samu 14. Lissafi 12 yake nema, ga ni da rarar biyu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Sai wata zuciya ta ce in fito da su in gani da idona, kada in tsaya ga lamba. Na shimfiɗa su a kan gado. Siket tara. Wando mai roba a ƙugu guda uku. Riga marar hannu biyu. Na tsaya ina kallonsu, jikina ya yi sanyi. Babu mai hannu ko ɗaya, babu mai kwala, babu mai gidan maɓalli. Siket na uku da na tara, in ba launi ba, ba abin da ya raba su. Ashe abin da na iya tun Fabrairu shi nake ta maimaitawa, ina ƙara lamba a littafi, ina cewa na ci gaba.

Gaskiyar wata shidan nan tana cikin wata jaka a ƙarƙashin tebur. Riguna uku ne a ciki, kowace an haɗa gaba da baya, an ɗinke kafaɗa, kuma dukansu sun tsaya a wuri ɗaya: inda hannu zai shiga. Na zaro shuɗiyar ta watan Maris. Sau huɗu na sa mata hannu, sau huɗu na farke. Da na ɗaga ta a gaban fitila, ramukan allura sun jeru layi a kan layi, bakin yadin ya zazzage, ga wani ɗan tsinin almakashi da ya huda ta kusa da hammata. Na duba littafi. Ranar da na farke ta karo na huɗu na rubuta “na gaji” kawai. Washegari kuma na rubuta “na yanka sabon siket”. Haka aka yi da ta biyu, haka da ta uku. Duk lokacin da hannun riga ya ƙi, sai in gudu wurin siket in huce, siket kuwa ba ya musu.

Na kwashi rigunan uku na kai wa malamata. Ta juya shuɗiyar ciki waje, ta bi ɗinkin da babban yatsa, ba ta ce komai ba. Can ta tambaye ni ina rarar kan hannun. Na ce na datse ta, don na ga ta fi ramin tsawo, na ɗauka kuskuren yanka ne. Ta ajiye rigar a cinya ta ce, “Ƙanwata, abin da kika datse shi ne hannun.”

Bari in tsaya a nan, don na san ba ni kaɗai ba ce. Kan hannun riga, wato lanƙwasar da ke hawa kafaɗa, da gangan ake yanka shi ya ɗan fi ramin da zai shiga tsawo. Kafaɗar mutum ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, a dunƙule take, kuma wannan rarar ce ke ba ta wurin zama. Aikin mai ɗinki shi ne ya shigar da dogon baki cikin gajere ba tare da ko tattara ɗaya ta fito ba. Yadda ta nuna mini: a buɗe tsawon ɗinki zuwa milimita 4 ko 5, a ɗinka layi biyu a kan lanƙwasar, kusa da baki, kada a kulle farko ko ƙarshe. A kama zaren ƙasa a ja a hankali har kan hannun ya ɗan yi ƙoƙo, a baza rarar da farce ta rabu daidai, a sa fil kusa da kusa, sannan a ba shi tururin dutsen guga kafin ya je ƙarƙashin allura. Ta kuma nuna mini ƴan tsagun da ke bakin takardar yanka, wato takardar da ake ɗorawa a kan yadi a bi siffarta a yanka, waɗanda nake wucewa ban kula ba: tsaga ɗaya gaban hannu ne, biyu bayansa. A riga ta biyu, hannun dama na sa a hagu. Shi ya sa take murɗewa duk yadda na ja ta.

Duk bayanin nan bai kai rabin awa ba. Wata huɗu na yi ina kewaye abin da tambaya ɗaya za ta warware, saboda kunyar in nuna aikin da ya lalace. Siket nake kai mata kullum, ta yaba, in dawo da murna. Wannan ya fi rigunan yi mini ciwo.

A 1993 wani masanin halayyar ɗan Adam, Anders Ericsson, da abokan aikinsa biyu suka fitar da binciken da suka yi a kan ɗalibai masu koyon goge a wata makarantar kiɗa ta birnin Balin, a Jamus. Daga nan maganar da ake yi cewa sai mutum ya yi atisayen awa 10,000 kafin ya ƙware ta samo asali, kuma lambar ce mutane suka riƙe. Amma abin da shi ya fi nanatawa shi ne irin atisayen: wanda aka tsara don taɓa daidai wurin da mutum yake da rauni, da malami mai nuna kuskure nan take, a sake, a kuma sakewa. Ya ce irin wannan atisaye ba lallai ya yi daɗi ba. Na daɗe da jin labarin binciken, amma sai da na ga siket tara a kan gado na fahimce shi. Awannina na keke sun tafi ne wurin da ke yi mini daɗi.

Awannin ma na tattara su. A Janairu na yi wa kaina alkawarin awa 15 a mako, wanda zai ba da 390 zuwa yanzu. Littafi ya nuna 176. Bai kai bakwai a mako ba. A cikinsu, abin da ya tafi kan hannun riga 11 ne kacal. Ba lalaci ba ne, ina dawowa daga aiki da yamma liƙis, ga hidimar gida. Kuskuren yana wurin lissafin, don na yi shi ne da makon da ba ciwo, ba baƙi, ba ƙarin aiki a ofis, irin makon da bai taɓa zuwa ba. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi bayanin wannan hali tun 1979: ɗan Adam yakan rage lokacin da aikinsa zai ci, ko da ya sha ganin irinsa ya ja. Maganin da suka kawo shi ne mutum ya dubi tsawon lokacin da ayyuka makamantansa suka ci a baya, ya gina a kai. To ni yanzu ina da wata shida a rubuce. Awa bakwai ce tawa, da ita zan yi gini.

Ba wai ban samu komai ba, kada in yi wa Allah butulci. A Janairu in zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, kwarkwaro nake zargi, in yi ta buɗe ƙasan keke. Yanzu na san yawanci zaren sama ne bai zauna ba, kuma in za a zura shi sai an ɗaga ƙafar da ke danne yadi, don a lokacin ne faifan da ke matse zaren suke buɗewa. Na san lambar allura kaurinta take faɗa: mai 80 kaurinta milimita 0.8 ne, 70 ta yadi marar nauyi ce, 100 ta mai kauri irin jins. Na san yadi yana miƙewa in an yanka shi a karkace, shi ya sa nake zagaye wuyan riga da ɗinki ɗaya da zarar na yanka, kafin ya saki. Ina barin santimita 1.5 a bakin ɗinki ba tare da na ja layi da alli ba. Kalmasata ta miƙe. Kuma na daina ɗinka layi na biyu kafin in goge na farko. Wannan kaɗai ya canza kamannin kayana fiye da komai.

Burin Afrilu kuwa na taɓa shi sau ɗaya. Wata abokiyar aikina ta kawo yadin auduga, riga marar hannu take so. Na ce mata mako guda, na kai mata bayan kwana 19. Ban jiƙa yadin kafin in yanka ba, alhali na san auduga tana tsukewa a wankin farko. Ta sa sau ɗaya, ta wanke, rigar ta ɗage, zif ɗin ya yi tudu da kwari. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, “Ba komai, ai koyo kike yi.” Na dawo gida da rigar a jaka, maganar tana yi mini yawo a kai. Laifin nawa ne daga farko har ƙarshe, na karɓi amanar kayan mutum kafin hannuna ya kai.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Na ja layi a kan 24. Ba zan ƙara ƙirga kayan da na gama ba, don na ga yadda wannan ƙirgar ta koya mini gudun wuya. Yuli da Agusta na hannun riga ne kawai. Na tara tsofaffin zannuwan gado, zan yanka rabin jiki da hannu ɗaya, in haɗa, sau 20. Kowane zan rubuta masa lamba da alli, in kai wa malamata duk ƙarshen mako, mai kyau da marar kyau, in rubuta abin da ta ce a gefen lambar. Satumba ta kwala ce, a kan wannan tsari. A Oktoba in koyi gidan maɓalli, in koma kan rigunan cikin jaka in gama biyun da za su gyaru. In abin ya tafi daidai, a Nuwamba in karɓi ɗinki biyu, ba fiye ba, kuma kwanakin da zan faɗa wa mai kaya daga littafina za su fito, ba daga son in burge ba.

Saura Disamba. Nan ne alƙalamin ya yi mini nauyi. Na riga na faɗa wa mutane zan bar aiki, na riga na hango kaina da safe ina buɗe keke maimakon neman abin hawa. Na daɗe riƙe da alƙalamin kafin in soke. Burin yana nan, ranar ce na cire, na sa sharaɗi a gurbinta. Sai na ɗinka riga mai hannu da kwala guda shida a jere ban farke ba. Sai na san awa nawa riga ɗaya take ci mini, don wanda bai san wannan ba bai san abin da zai caji mai kaya ba, bai kuma san ko sana'ar za ta riƙe shi ba. Sai kuma na ajiye abin da zai ɗauki nauyina na wata shida. Ranar da ukun nan suka cika zan rubuta takardar ajiye aiki, ko a Maris ne, ko a Yulin baɗi. Albashin da nake gani kamar sarƙa a Janairu, shi ke saya mini zare da yadi, shi ne kuma ya ba ni damar lalata riga uku ba tare da na rasa abin biyan haya ba.

Wani abu kuma da na canza: ba zan sake jiran wata shida kafin in shimfiɗa aiki a kan gado ba. Ranar ƙarshe ta kowane wata zan yi. Da na yi haka a ƙarshen Maris, da tun a lokacin na ga siket suna taruwa. Ku ma, in kuna da irin jakar nan a ƙarƙashin tebur, ku zazzage ta yau ku duba inda kowane aiki ya tsaya. Ina kyautata zaton wuri ɗaya ne.

Yau 9 ga Yuli, na yi hannu biyar cikin 20. Na ɗaya da na biyu tattara ta cika su, na ja zaren da ƙarfi. Na uku zaren ya tsinke a tsakiya, na sake daga farko. A na huɗu malamata ta ce na tara rarar duka a tsinin kafaɗa, in baza ta ta gangaro gaba da baya. Na biyar ya ci mini minti 50, kuma da na juya shi waje, tattara ɗaya ce tak, ƙarama, a baya kusa da tsaga biyun nan. Na sa hannuna a ciki na ɗaga sama, bai ja ba. Shuɗiyar rigar ba za ta gyaru ba, yadin ya riga ya mutu a hammata, amma ban mayar da ita jaka ba; na rataye ta a ƙusar da ke gaban keke. Na shida yana kan tebur a yanke, da fil a jiki, sai gobe in na dawo daga aiki.