Neman hasken arewa a gaɓar tekun Whitby

A watan Oktoba ni da ƙanena muka hau jirgin ƙasa daga Middlesbrough, muka bi kwarin kogin Esk har Whitby, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. Tsohon garin masunta ne a arewa maso gabashin Ingila, kangon wani tsohon gidan ibada na tsaye a kan tudunsa, ana hawa matakala 199 kafin a kai gare shi. Abin da ya kai mu shi ne hasken nan mai launi da ke fitowa a sama ta wajen arewa da dare. Masu hali kan tafi Tromsø a Norwe, inda ake yawan ganinsa a lokacin sanyi. Whitby kuwa tana kan digiri 54 da rabi arewa da layin tsakiyar duniya, nesa da zoben da ya kewaye ƙuryar arewacin duniya, inda hasken ya saba zama. Sa'arta ɗaya, bakin tekunta arewa yake kallo, babu gari babu fitila a gabanka sai ruwa.

Daren da muka isa hazo ya taso daga teku ya rufe komai, ko fitilar bakin gada da ƙyar ake hango ta. Wannan shi ne babban abokin gabar mai zuwa garin bakin teku, domin ko rana ta yi nata aikin na haddasa hasken, gajimare ɗaya ya isa ya hana ka.

Washegari sama ta washe, wata kuma bai cika ba. Bayan isha'i wayar ƙanena ta yi ƙara. Saƙon AuroraWatch UK ne, tsarin sanar da yiwuwar ganin hasken wanda Jami'ar Lancaster ke gudanarwa; alamarsa ta koma ruwan goro, matakin da ke ƙasa da ja, wanda shi ne mafi girma. Muka wuce gunkin Kyaftin Cook, shahararren matuƙin jirgin ruwa, a kan tudun West Cliff, muka miƙa ta hanyar ƙauyen Sandsend don mu tsere wa fitilun titi.

A can muka tarar da wani dattijo ya kafa kyamara a kan ƙafa uku. Shi ya ɗebe mana kewar jira. Ya ce rana ce ke watso ɓarɓashi masu caji, su yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya, maganaɗisun duniya ya ja su, su yi karo da iska sama da kilomita 100 daga ƙasa. Koren launin hasken daga oksijin yake fitowa, jan ma haka, amma daga can sama da kilomita 200. Ana auna ƙarfin wannan guguwa ta maganaɗisu da ma'aunin Kp, daga 0 zuwa 9, kuma a nan galibi sai ya kai 5 ko 6. A daren 10 ga Mayu 2024 ya kai 9, guguwa mafi ƙarfi tun 2003, har mutanen Landan suka gani daga bayan gidajensu. Irin wannan ba kullum ba ne, don zafin aikin rana yana hawa da sauka ne duk kimanin shekara 11.

Sanyi ya ci yatsuna har na kasa riƙe waya. Wajen sha ɗaya ƙanena ya kama hannun rigata.

"Yaya, duba can, daidai inda ruwa ya haɗu da sama."

Wani fari-fari ne a kwance, kamar hayaƙin da ya ƙi tashi. Can sai ginshiƙai suka miƙe daga cikinsa, suna matsawa gefe a hankali, samansu da ɗan ja-ja. Dattijon ya nuna mana fuskar kyamararsa: kore shar a ƙasa, ja a sama. Idon mutum ba ya kama launi sosai a duhu, kyamara kuwa tana tara haske na daƙiƙoƙi. A ganina ya kamata masu yaɗa hotuna su riƙa faɗin wannan, don kada wani ya kashe kuɗin hanya yana sa ran abin da ido ba zai ba shi ba. Duk da haka motsin ginshiƙan nan ya sa na yi ta tasbihi, jikina na rawa. Bai daɗe ba ya dushe.

A hanyar komawa dattijon ya ce idan za mu dawo mu zaɓi Maris ko Satumba zuwa Oktoba, lokacin da guguwar ta fi yawa, kuma mu duba kwanan wata. A Yuni da Yuli sama ba ta yin duhu sosai a wannan yanki.